Rantsuwar Mai Ganga

Da hantsin ranar Asabar Cleophus Gaines ya faɗi maganar. Yana goge ƙahonsa da tsumma, bai ko ɗaga ido ba.

"Bana ba zan busa waƙarku ba."

Ozell Crenshaw yana durƙushe a kan tirelar da suke kiɗa a kanta yana ɗaure ƙafar babbar ganga. Ya saki abin da yake yi, ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali, irin miƙewar ɗan shekara saba'in da ɗaya.

"Sake faɗi in ji."

"Kunnenka ƙalau yake. Waƙar Ja, ba zan busa ba. Mu yi wasanmu na awa biyu, mu rufe da ta coci, kowa ya kama gabansa."

Tirelar tana tsaye ne daidai kan farin layin da ya raba filin ajiye motoci gida biyu, a bakin babban filin wasa. Ta dama rumfunan kore ne, na mutanen Tillery, kwalejin noma. Ta hagu rumfunan ja, na mutanen Renfro, kwalejin horar da malamai. Sau ɗaya a shekara makarantun biyu suke karawa a ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita, Asabar ɗin ƙarshe ta Nuwamba, kuma tun daga Alhamis rabin baƙaƙen fatar wannan yanki na Alabama suke kwararowa da murhun gashi da tukwanen suya. 'Yan Ja suna ce wa 'yan Kore 'yan taki. 'Yan Kore suna ce musu 'yan alli. Mutanen da ke zama a benci ɗaya a coci ranar Lahadi, a wannan Asabar ko gishiri ba sa ara wa juna. Dattawa ne fa, masu jikoki, wasu har da muƙamin dikin, wato dattijon coci. Abin kunya ne, amma haka suke.

Abu ɗaya ne yake haɗa su kafin a buɗe ƙofar fili, wato wasan Huɗun Asabar. Biyu 'yan Kore ne, Cleophus mai ƙaho da Purvis mai fiyano. Biyu 'yan Ja, Ozell mai ganga da Wendell Mabry mai dogon ƙaho. Faifai uku suka yi a zamanin ƙuruciya, har yau ana taka su a gidan biki. Amma ba don faifan ake cika gaban tirelar ba. A shekarar 1978 faɗa ya ɓarke a wannan fili, har kwalabe sun fara tashi, sai Wendell ya miƙe da jar hularsa a kai, ya busa waƙar makarantar Kore shi kaɗai. 'Yan Kore suka tsaya cak, domin ba a dukan mutum ana cikin waƙar makaranta. Da ya gama, Cleophus ya saka koriyar hularsa ya busa ta Ja. Tun daga ranar abin ya zama doka: a ƙarshen wasa ɗan Ja ya yi wa Kore waƙarsu, ɗan Kore ya rama, kowa shi kaɗai, ba ganga ba fiyano.

Wendell ya rasu a watan Yuni.

"Gawar mutumin nan ko wata shida ba ta yi ba," in ji Ozell. "Kai ka ɗauki makararsa da hannunka. Yau kuma ka tsaya ka ce mini me?"

"Wa zai busa tamu?" Cleophus ya ajiye tsumman. "Tambaya ce na yi maka, Dikin. Wa zai busa ta Kore?"

"Purvis yana nan. Kai ma kana nan."

"Purvis ɗan Kore ne, ni ɗan Kore ne. In ɗan Kore ya yi wa Kore waƙa, me aka yi kenan? Ko a banɗaki muna yin wannan. Dokar ita ce ɗan Ja ya yi. Kuma ɗan Ja ɗaya ne ya rage a kan tirelar nan."

Purvis ya sunkuyar da kai yana latsa fiyano a hankali, kamar ba da shi ake ba.

"Ka san ba na yi," in ji Ozell.

"Na sani mana. Shekara arba'in da shida ina kallonka. Da Wendell ya ɗaga ƙaho sai ka ajiye sanduna, ka harɗe hannu, ka ɗaga hanci sama kamar an yi tusa a coci. Ni kuwa in miƙe in busa muku taku, har da kaɗa kai, in koma gida surukina ya ƙi yi mini magana har Kirsimeti. Wendell ne yake ɗauke maka kayanka, Ozell. Yanzu ya tafi. Ni ba zan ƙara tsayawa gaban mutanena in yi wa 'yan alli kirari kyauta ba, alhali shekara biyar a jere kuna lallasa mu."

"Ashe ciwon kenan. Cin da ake yi muku."

"Kira shi abin da ka ga dama. A busa tamu, in busa taku. Ba a busa ba, ba na busawa."

Ozell ya ji wuyansa ya ɗauki zafi. Da a da ne, da sandar ganga ta sauka a kan wani. Ya sauko daga tirelar ta matakalar katako.

Duk wanda ya kai hamsin a ɓangaren Ja ya san dalilin Ozell. A karawar 1972 wansa Alton ne gwanin gudu na Renfro. Ya rungume ƙwallo ya keta ta gefe, ƙarti biyu na Tillery suka haɗu a kansa, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. Ƙwallon ta suɓuce, 'yan Kore suka cafe, makaɗansu suka saki waƙar makaranta don murna. Alton bai tashi ba. Aka shigo da gadon ɗaukar marasa lafiya, aka cire masa kwalkwali, uwarsu ta tsallake shinge tana kururuwa, su kuwa makaɗan ba su tsaya ba sai da suka kai baiti na uku ƙarshe. Ozell yana ɗaya gefen cikin makaɗan Ja, ɗan shekara sha tara, ganga rataye a ƙirji. Ƙashin bayan Alton ne ya karye. A farfajiyar asibiti Ozell ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya rantse cewa waƙar nan ba za ta taɓa fita daga bakinsa ko hannunsa ba har ya shiga ƙasa.

Bai yi taku goma ba ya ci karo da Ernestine, matar marigayi Wendell. Ta buɗe kujerarta ta naɗewa a gaban tirela, a wurin da take zama kowace shekara, ƙafa ɗaya ta kujerar a kan farin layi. Tana sanye da jar riga, jar hular Wendell a kan cinyarta.

"Dikin Ozell, wannan fuska fa? Ko Purvis ya sake mantowa da haƙoransa a gida?"

"Sista Ernestine. Ai na ɗauka bana ba za ki fito ba."

"Yarana ma sun ce in zauna. Na ce su rufe mini baki. Ana saura kwana biyu ya cika, ya kama hannuna ya ce, Tina, ki je ki zauna a wurinki, ki saurari Cleophus da kyau, in ya ɓata baiti na biyu kamar yadda ya saba ki gaya masa ina jinsa." Ta yi dariya, ta share gefen ido da ɗan yatsa. "Abin da ya kawo ni kenan. In ji waƙarmu sau ɗaya, in koma gida. Ko cikin filin ba zan shiga ba."

Ozell ya ce zai je ya dawo, ya wuce.

Rumfar Alton tana layi na uku a ɓangaren Ja. Tun da gari ya waye yake suyar tarwaɗa a cikin garin masara, daga kan kekensa na guragu, da dogon matsami wanda ya ƙera da kansa. Kafaɗunsa har yanzu na ɗan ƙwallo ne. Shekara talatin ya yi yana gyaran rediyo da talabijin, ya aurar da 'ya'ya mata biyu, kuma ba a taɓa jin ya nemi tausayin kowa ba.

"Ga mai ganga," in ji shi. "In yunwa ta kawo ka, bi layi."

"Yaya, magana ce."

Ozell ya tsuguna kusa da keken ya faɗa masa duka, da abin da Cleophus ya ce, da abin da Ernestine take jira. Alton ya ci gaba da juya kifi har ya gama.

"To?" in ji Alton.

"To me? Ka ji abin da ɗan takin nan yake so in yi."

"Na ji. Me ka zo nema a wurina?"

"Domin kai na rantse."

Alton ya buga matsamin a bakin tukunya har mai ya fantsama. "Domin ni? Ina kwance ko sunana ban sani ba, ka je ka dafa Littafi. Ka tambaye ni? Shekara arba'in da shida, duk sanda Wendell ya ɗaga ƙahon nan sai ka harɗe hannu a kan tirela inda kowa zai gan ka. Ka san abin da ke biyo baya? Mutum ɗari biyar su juyo su kalle ni. Ga gurgun da ake yi dominsa. Mata su riƙa kawo mini kek kamar ranar na karye. Ni na zo suyar kifi ne da kallon ƙwallo, kai kuma kowace shekara sai ka sake kwantar da ni a kan ciyawar nan."

Ozell ya ji kamar an watsa masa man tukunyar. "Ba ka taɓa faɗa ba."

"Ana faɗa maka magana ne? Kai da ka fi Fasto sanin daidai?"

"Kenan in je in yi."

"Ban ce ba." Alton ya juyo ya dube shi ido cikin ido. "Kada ka sa mini magana a baki. Waƙar nan har gobe in na ji ta, warin ciyawa nake ji a hancina, da muryar Mama. Na tsane ta fiye da yadda ka tsane ta, kai da kake tafiya da ƙafafunka. Ba zan ce ka yi ba, ba zan ce ka bari ba. So kake in wanke ka, ka je ka ce Alton ne ya sa ni, ko Alton ne ya hana ni. Ba ka samu ba. Kai ka ɗaure kanka. Tashi ka ba ni wuri, kifina zai ƙone."

Ƙarfe sha biyu suka fara. Mutane sun cika gaban tirela, kore ta dama, ja ta hagu, farin layi a tsakani babu wanda ya taka sai ƙafar kujerar Ernestine. Makaɗan uku suna cikin fararen riguna, kamar kullum. An bar makirfon Wendell a tsaye a wurinsa, an ɗaura masa baƙin ƙyalle.

Ozell bai taɓa dukan ganga kamar ranar ba. Duka yake kamar fatar ta yi masa laifi. Purvis ya waigo sau biyu yana yi masa alama ya sassauta, ya yi kamar bai gani ba. Jama'a kuwa suka ɗauka daɗi ne ya kwashe shi. Tsofaffin mata suka ajiye faranti suka shiga rawa, wani dattijo ɗan Kore ya jefar da sandarsa yana juyi, 'yan Ja suna yi masa ihu, "A hankali, ɗan taki, ba gona ba ce!" Shi kuma ya amsa, "Je ka goge allo, malam!" Ozell yana ganinsu duka, yana jin haushinsu duka. Haushin Cleophus mai riƙe waƙa kamar kayan garkuwa. Haushin Alton da ya yi shiru rabin ƙarni sannan ya zaɓi yau. Har Wendell sai da ya ji haushinsa, da ya mutu ya bar shi da wannan.

Wajen ƙarfe biyu saura kaɗan suka gama waƙarsu ta ƙarshe. Wuri ya yi tsit, domin kowa ya san abin da ke biye. Ernestine ta gyara zama. Cleophus ya matso gaban makirfonsa.

"Jama'a, kun san bana mun yi rashi," in ji shi. "Saboda haka za mu rufe da ta coci kawai."

Ya ɗaga hannu yana jiran Ozell ya ba da bugu huɗu. Gunaguni ya fara tashi ta ɓangarorin biyu. Ozell ya dubi Ernestine. Ba ta yi gunaguni ba. Ta dubi Cleophus, ta dubi makirfo mai baƙin ƙyalle, sannan ta fara naɗe hular mijinta za ta saka a jaka.

Ozell ya jefar da sandunan a kan ganga. Ya zagayo gaba, ya sunkuya a bakin tirela ya miƙa hannu.

"Sista, ba ni hular nan."

Ta miƙa masa. Ta yi masa kaɗan, ya danna ta a ka da ƙarfi. Ya tsaya gaban makirfon Wendell. Shi ba mawaƙi ba ne, ko a coci ana roƙonsa ya rage murya. Ya juya ya fuskanci ɓangaren Kore, ya dube su yadda mutum yake duban wanda ya zagi uwarsa, ya buɗe baki.

"Tillery, uwa mai jar ƙasa,
a inuwarki muka koyi tsayuwa..."

Dariya ce ta fara tashi daga Kore, domin muryar kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Daga Ja kuwa wani ya daka tsawa, "Crenshaw, ka haukace? Yayanka yana nan zaune!" Wata ta ce, "Maci amana!" Kofin takarda ya zo ya bugi ƙirjinsa, shayi mai sanyi ya ɓata farar rigar. Bai tsaya ba. Purvis ya ɗora yatsu a fiyano don ya tallafa masa, Ozell ya waigo a tsakiyar baiti ya ce, "Cire hannunka!" ya ci gaba.

Kowace kalma ya sani. Abin da ya fi ƙona masa rai kenan. Shekara hamsin da biyu yana toshe kunne, ashe tana nan kwance a cikinsa, baiti uku cif, babu inda ya yi tuntuɓe. A baiti na biyu dattijon da ya jefar da sanda ya cire hula, na kusa da shi suka bi, dariyar ta mutu. A baiti na uku, wanda makaɗan suka ƙi yankewa a wancan lokaci, Ozell ya saci kallon hagu. An turo Alton bakin layi tun farkon wasa. Ya gan shi ya kama ƙafafun kekensa da hannu biyu, ya juya shi a hankali, ya ba tirelar baya. Wannan karon babu wanda ya kalli Alton. Ozell kowa yake kallo.

Ya kai ƙarshe, ya matsa gefe. Babu tafi, da ma ba a tafa wa waƙar makaranta. Ya dubi Cleophus, bai rage murya ba, makirfo ya kwashe maganar ya watsa wa fili duka.

"Na yi. Saura kai, in kana da kunya."

Cleophus ya zaro koriyar hula daga aljihun baya. Ashe da ita ya zo. Ozell ya ga haka, ya ji wani sabon haushi ya taso masa. Cleophus ya fuskanci Ja ya busa, kuma gaskiya ita ce bai taɓa busa ta da kyau kamar ranar ba. 'Yan Ja suka cire huluna, har wanda ya yi jifa da kofi. Ernestine ta rufe ido, leɓɓanta suna bin kalmomin.

Da aka watse, jama'a suka nufi ƙofofin fili, Cleophus ya zo ya tsaya a kan Ozell yana kwance ganguna.

"Dikin, ashe ka iya ta haka?"

"Da hular a aljihunka ka zo."

"Na san ka shekara hamsin."

"To ka ƙara sanin wannan. Zan yi maka kiɗa, domin aiki ne. Amma kada ka ƙara zama a teburina."

Ya sauko ya miƙa wa Ernestine hular. Ta ture hannunsa.

"Cleophus bai ɓata baiti na biyu ba, ka ji ko? Karo na farko." Ta naɗe kujerarta. "Riƙe hular, Dikin. Ka kai a buɗa maka ita kaɗan. Baɗi ma kai ne."

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Ba sau ɗaya ba ne. Baɗi, da baɗin baɗaɗa, da duk Nuwamban da Allah ya bar shi da numfashi.

Ya tarar da Alton a rumfa ya kashe wuta, yana rufe tukunya. Ozell ya tsaya a bayansa.

"Na juya baya, kunne bai juya ba," in ji Alton, bai waigo ba. "Tun da aka kafa makarantar nan ba a taɓa wulaƙanta musu waƙa kamar yau ba. Jaki ma ya fi ka."

"Yaya..."

"Ban yafe ba, ban kuma ce ka yi laifi ba. Kada ka tambaye ni yau." Ya tura masa faranti a kan tebur, wutsiyar kifi ce guda ɗaya, ta huce. "Abin da ya rage kenan. Ci ka tura ni, za a fara babu mu."

Ozell ya ci a tsaye, ya goge hannu a rigar da ta riga ta ɓaci, ya kama keken. A bakin ƙofa wani ƙato cikin koriyar riga ya daki kafaɗarsa yana washe baki.

"Baba, ka burge mu! Yau kai namu ne!"

"Cire hannunka daga jikina, ɗan taki," in ji Ozell.

"Gaya masa," in ji Alton.

Suka shige ta ƙofar Ja, hular Wendell a cuse a aljihunsa tana tokarinsa a cinya.